Rinin baba a Maraɗi: karofi na jiran manomi

Wanda ya shiga kasuwar Maraɗi neman shuɗin yadi ba zai rasa ba, shadda ce ko rawani, amma da wuya ya samu wanda ya shiga karofi, wato ramin rini na gargajiya. Yawanci da garin shuni na masana'anta aka rina su, irin wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897. A zuba shi cikin ruwan ɗumi da soda da wani farin gari mai narkar da shi, kafin awa guda an fara tsoma kaya. Kowa na cewa a raya rinin gado, ana kiran taron horaswa, ana kai kaya baje koli irin SAFEM, na sana'o'in hannun mata da ake yi a Yamai. A ganina ciwon yana wani wuri dabam, ganyen baba ne ya yi ƙaranci, marini kuma ba shi da jarin da zai jira karofi ya nuna.

Karofi rami ne mai zurfin mita uku ko fiye, an shafe cikinsa da laso don kada ruwa ya tsiyaye. Ana cika shi da ruwa, a zuba toka da katsi, wato ƙonannen lakar tsohon karofi, da busasshen baba, a rufe. Shunin da ke cikin ganyen ba ya narkewa a ruwa sai ƙwayoyin halitta sun ruɓar da haɗin sun cinye iskar da ke ciki, abin da ke ɗaukar mako guda ko fiye, marini yana motsawa da muciya kullum. Idan kumfa mai ƙyalli ya taso, ruwan ƙasa ya koma kore, ya nuna. Yadi yana fitowa kore ne, iska ke mayar da shi shuɗi, shi ya sa ake tsomawa a ɗaga sau da dama kafin a samu baƙin shuɗi irin na turkuɗi.

Wuraren ɓaci suna da yawa. Toka ta yi yawa, ruɓin ya tsaya, launi ya ƙi kamawa. Ta yi kaɗan, ruwan ya yi tsami ya soma wari. Sanyin hunturu yana sa karofi ya yi nawa, motsi da ƙarfi kuma yana cusa iska ya kashe shi. Sabon yadin da ba a wanke kwallinsa ba sai ya fito dabbare-dabbare, mai haɗin roba kuwa ba ya shan baba yadda ya kamata. Yaro ba zai koyi wannan a horon kwana biyar ba, sai ya zauna gaban gwani ya ga rani da damina da hunturu.

To amma gwanin da me zai haɗa karofin? Kilo 100 na ɗanyen ganye ba ya ba da kilo 1 na tsantsar shuni. Marina guda tana buƙatar gonaki a bayanta, manomin Madarunfa ko Tibiri kuwa ba zai rage wa gero da gyaɗa fili don ganyen da bai san mai sayensa ba, kuma yana da gaskiya. Baba ɗan uwan wake ne, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ana iya shuka shi a gefen gona. A jiƙa irin da ruwan zafi saboda taurin ɓawonsa, a yanke wata uku zuwa huɗu bayan shuka, daidai lokacin da zai fara fure, a daka, a dunƙula, a shanya har ya bushe ƙarau, don curin da ya rage da danshi fumfuna ke cinye shi a rumbu. Abin da ya rage shi ne ƙungiyar marina ta ƙulla ciniki da manoma tun bazara, a yanke farashi, a ba da kafin alƙalami. Daka da dunƙulawa kuma aiki ne da ƙungiyoyin mata za su ci riba da shi.

Bashin da ake bai wa masu sana'a, wanda ake fara biya bayan wata guda, bai dace da wannan aiki ba. Daga sayen baba a kaka zuwa sayar da rinannen kaya watanni ne. Ko dai a tsawaita wa'adin, ko alhazan Maraɗi, waɗanda suka daɗe da sanin hanyar Katsina da Kano da Agadas, su sa kuɗi a kan oda.

Sai batun amana, wanda ya fi damuna. Shunin baba da na masana'anta sinadari ɗaya ne, ido ba ya raba su a jikin yadi. Marinin da ya watsa garin kanti cikin karofi da dare don ya gaggauta aiki, ya sayar da sunan baba zalla, ya cuci duk abokan sana'arsa, domin tsadar kayansu ta dogara ne ga yardar mai saye kawai. Ba haramun ba ne a yi rinin kanti, a dai faɗa, kuma a daina zubar da ruwansa mai soda a lungu. Ƙungiya ta yi hatiminta, dattawan sana'a su riƙa duba abin da ke shiga rami, wanda aka kama da haɗi a hana shi hatimin.

Rinin baba ba zai yi gasar araha da shaddar waje ba, kada ma a gwada. Masu sayensa su ne Buzayen da ke neman rawanin da ya sha bugu yana walƙiya, da sarakai, da iyayen amare, da teloli masu ɗinkin zamani da ke son yadin auduga saƙar hannu. Matashin da zai fara ba sai ya haƙa rami ba, gangar roba mai lita 200 da aka binne rabinta a ƙasa don ta riƙe ɗumi ta ishe shi gyale da ƙananan zannuwa, muddin ya tanadi baban shekara tun kaka.