Ƙyallin Mota Ya Ja Mini Kuɗin Leshi

Motata tsohuwar Corolla ce 'yar Kwatano, wadda ta sha ranar Kano har dashbod ɗinta ya koɗe, robobin ƙofa suka yi fari-fari, tayoyin kuma suka koma launin ƙasa-ƙasa wanda ko an wanke su ba sa komawa baƙi. Wannan bai taɓa hana ni barci ba, tunda tana kai ni wurin aiki tana dawo da ni, sai da aka sa ranar bikin ƙanwar uwargida, aka sanar da ni cewa motata tana cikin jerin masu kai amarya, kuma ni ne zan ɗauki manyan gwaggonni.

Ina da wani maƙwabci wanda ba ya rasa maganin kowace irin matsala, tun daga basir har rikicin gado. Da ya tarar da ni ina zagaya motar ina tsaki, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, roba ai kamar fatar mutum take, idan hunturu ya busar da ita, mai take nema." Maganar ta shige ni sosai, domin ni kaina a lokacin dunduniyata a tsage take. Kafin in ce wani abu ya shiga gida ya fito da galan na baƙin man da ya juye daga janaretonsa, ya ce kyauta ya ba ni saboda zumunci.

Ana gobe biki na tuɓe riga, na sami tsumma, na bi gefen tayoyi huɗu da baƙin mai, na bi robobin ƙofofi da na but, sannan na lallaɓa ɗaki na ɗauko kwalbar basilin ɗin uwargida na mulke dashbod. Ɗana, wanda ba a taɓa samunsa idan aikin shara ne, ranar nan ya zo da kansa ya ce zai taimaka. Ina can baya ina fama da taya, ashe shi ya ci gaba daga inda na tsaya, ya shafe sitiyari, ya shafe kan giya, ya sunkuya ya yi wa robar birki da ta totur nasu rabon. Gaskiya da magariba motar ta yi kyau, har masu wucewa masallaci suna tambaya ko sabuwa na sauya.

Gidan ango yana wata sabuwar unguwa da kwalta ba ta kai ba, kuma lokacin tsakiyar hunturu ne. Ba mu yi nisa ba duk ƙurar da motocin gaba suka tayar ta sami wurin zama a jikin tayoyina, man da ke gefensu kuma ya riƙa fantsama yana yi wa ƙofofin ɗige-ɗige. Wannan duk daga baya na gani, domin a lokacin abin da ke gabana ya fi shi. Ranar la'asar ta doki dashbod mai sheƙi, hotonsa ya koma kan gilashin gaba, ya zama ramukan iskar mota nake gani a inda ya kamata in ga hanya. Sitiyari kuwa ina juya shi yana zamewa a tafin hannuna. Da motar gabana ta tsaya na kai ƙafa kan birki, sai takalmin ya sulɓe, na sake takawa da ƙarfi, muka tsaya saura ƙiris mu sumbaci bayan wani Adaidaita Sahu, gwaggonni uku suka taho gaba tare da ɗaurin ɗankwalinsu.

"Innalillahi! Ɗan nan, ka iya tuƙin nan kuwa, ko a kanmu za ka koya?" in ji babbarsu. Na ce, "Gwaggo, ku yi haƙuri, hanyar ce ba ta da kyau." Ta ce hanyar dai ita ce sauran motoci suke bi.

Da muka isa, ta dafa ƙofa ta sauka a hankali cikin farin leshinta na anko, sai ga baƙin layi ya ratsa shi daga kafaɗa har ƙugu, daidai inda ta goga jikin robar ƙofa. Ba ta ce mini komai ba. Uwargida ce ta dube ni daga nesa, irin kallon da ke nufin za a yi maganar a gida, aka kuwa yi ta, kuma a nan ne batun kwalbar basilin ya fito.

Bayan biki na sayi kananzir na nufi bakin titi da niyyar wanke ɓarnar, sai dattijon da ke yi mini faci ya karɓe kwalbar daga hannuna. Ya ce, "Alhaji, mai ka zuba, yanzu kuma ƙanensa za ka ƙara?" Ya ja robar ƙofa ya nuna mini yadda ta fara laushi tana danƙo, ya ce duk abin da aka tato daga ɗanyen mai, ko baƙin mai ne, ko fetur, ko gas, ko kananzir, ko basilin ɗin ma, shiga cikin irin wannan roba yake yi ya kumbura ta har ta daina rufe ƙofa da kyau, damina ta zo ruwa ya riƙa shigowa. Daga baya na karanta cewa yawancin robobin ƙofar mota da wata roba mai suna EPDM ake yin su, wadda take jure rana da ruwa amma ba ta shiri da mai ko kaɗan, kuma abin da ya dace da ita shi ne man silikon ko gilisirin, a shafa kaɗan a goge.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne labarin launin ƙasa-ƙasan nan. Ashe masu ƙera taya suna zuba wani sinadari da kakin da ke fitowa sannu a hankali zuwa saman robar don su kare ta daga tsagewa, kuma sinadarin ne yake rikiɗa zuwa wannan launi idan ya haɗu da iska. Sabulun wankin mota da ruwa da buroshi sun isa su rage shi. Dattijon ya sa yaronsa ya wanke tayoyin, sannan ya nuna mini lambobi huɗu na ƙarshe a layin rubutun da ke gefen taya wanda ya fara da haruffan DOT, biyun farko makon da aka ƙera tayar, biyun ƙarshe shekara. Tawa ta nuna 3514, wato mako na 35 a shekarar 2014. Kamfanin ƙera taya na Michelin yana ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara idan ta wuce biyar, a sauya ta idan ta kai goma, ni kuwa tayar da nake yi wa kwalliya ta girmi yaron da ya shafa wa birkina basilin.

Yanzu idan na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa sai na sa tabarau na karanta bayan kwalbar man shafa wa robar mota, har masu shago suna gajiya da ni. Wanda aka haɗa da ruwa nake nema, marar maiƙo, marar sheƙi, mai kare roba daga hasken rana, kuma sai na fara gwada shi a wani lungu da ba a gani. Dashbod tsumma mai ɗan damshi ya ishe shi, da abin tare rana a gilashi, domin a zafin bazara yana iya haura digiri 70 idan an ajiye mota a fili. Maganin goge gilashi mai amoniya ba ya zuwa kusa da tint ɗina, wato baƙar ledar da ke manne a gilashi. Sitiyari da robar birki da ƙasan taya da ke taka hanya kuwa na kafa doka a gida, babu mai shafa musu komai.

Leshin Gwaggo ni na biya, da kuɗin ɗinki, sannan na sayi tayoyi biyu da sabuwar kwalbar basilin. Maƙwabcina da ya ji labari bai girgiza ba, ya ce kuskuren daga man janareto ne, da man birki muka yi amfani da shi da ba haka ba. Na tuna masa cewa man birki yana cinye fenti duk inda ya ɗiga, na kuma roƙe shi ya fara gwadawa a kan tasa motar in gani. Ya sosa ƙeya ya ce ai tasa tana wurin mai fenti tun makon jiya.