Kwamfutar hasashen yanayi ba ta ganin hadarin Damagaram sai mun auna mata

A farkon daminar bara na je gaida kawuna a wani ƙauye gabas da Mirriya, na tarar da shi a bakin rumbu yana auna ɗan irin hatsin da ya rage masa. Rediyo ta ce ruwa na tafe, ya yi binne. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙura, amma ruwan ya wuce ya sauka a ƙauyen yamma da su, gonarsa ko ɗigo. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, mutanen meteyo ƙarya suke mana ko rashin sani ne?" Na ce, "Kawu, ba ko ɗaya." Ban iya ƙarasa masa bayani ba a ranar, shi ne nake son yi yau.

Hasashen da muke ji a rediyo lissafi ne. Ana raba sararin samaniya gida-gida kamar gurabun dara, a jera su hawa-hawa daga ƙasa zuwa sama. A kowane gida ana sa zafi, danshi, nauyin iska da inda ta nufa. Sai kwamfuta ta lissafa yadda kowane gida zai sauya cikin ƴan mintoci bisa ƙa'idojin motsin iska da zafi, ta ɗauki sakamakon ta sake lissafi, taki bayan taki, har ta kai gobe ko jibi. Wani Baturen Ingila, Lewis Fry Richardson, shi ya fara gwada wannan da alƙalami da takarda, ya wallafa aikin a 1922. Hasashensa na sa'o'i 6 ya kauce ƙwarai, kuma ya ƙiyasta sai an tara mutum 64,000 suna lissafi kafin a riga yanayi gudu. Sai a 1950 aka yi hasashen farko da kwamfuta, da na'urar ENIAC a Amurka.

Yau cibiyar hasashe ta Turai, ECMWF, tana aiki da gidaje masu faɗin kimanin kilomita 9 da hawa 137. Abin yabo ne. To amma daga Zinder zuwa Mirriya gida biyu ne kacal a wannan lissafi. Ruwanmu kuwa ba irin na Turai ba ne da ke zuwa shimfiɗe a kan ƙasa guda. Namu hadari ne da zafin rana ke ɗagawa, ya taso daga gabas, ya zuba a wannan gona ya tsallake waccan. Gajimaren da ke fara shi ya fi gidan lissafin ƙanƙanta, don haka kwamfuta ba ta ganinsa kai tsaye, kintatarsa take da wata dabara ta matsakaicin ƙiyasi. Abin da ke fitowa sau da yawa shi ne yayyafi ko'ina, alhali a zahiri wuri guda ne ya sha ruwa kamar da bakin ƙwarya. Masana da suka gwada waɗannan na'urori a Afirka ta Yamma sun tarar hasashen ruwan gobe a wuri guda da kyar yake fin wanda ya dogara da tarihin ruwan shekarun baya.

Wani zai ce a rage girman gidajen mana. Ana yi, kuma in aka sauko wajen kilomita 4 hadari yakan fara fitowa da kansa a cikin lissafin. Sai dai in ka raba faɗin gida biyu, gidaje sun ninka huɗu, takin lokaci ma dole ya gajarta, aiki ya ninka kusan takwas. Wannan kuɗi ne da wutar lantarki da ba mu da su a yanzu.

Akwai kuma abin da ke hannunmu, shi ne ya fi damuna. Lissafi daga awo yake farawa. Masanin yanayi ɗan Amurka, Edward Lorenz, ya nuna a 1963 cewa ɗan kuskure a farkon lissafi yana girma har ya ɓata hasashe duka. Tauraron ɗan Adam yana hango saman gajimare, amma danshin da ke kwance kusa da ƙasa a Tanut ko Gure, da iskar da ke kaɗawa a kansa, balan-balan mai ɗauke da na'urar awo ta fi iya faɗinsu, kuma Afirka na cikin yankunan da aka fi ƙarancin irin wannan awo. Muna da AGRHYMET, cibiyar nazarin noma, ruwa da yanayi ta Sahel, a Yamai tun 1974, muna da ACMAD, cibiyar yanayi ta Afirka, muna da ƙwararru. Abin da nake roƙon gwamnati da hukumomin jiha shi ne kasafi tsayayye na balan-balan, da gyaran tashoshi, da ma'aunin ruwa a kowace gunduma tare da mai karanta shi kullum da safe. Wanda ya ga tsohon masallacin unguwar Birni a Zinder ya rushe cikin ruwan Satumban 2024 ya san wannan ba almubazzaranci ba ne.

Sai yadda ake faɗa wa manomi. Cibiyar Turai ba sau ɗaya take lissafi ba, sau 51 take yi, tana ɗan sauya mafarin kowanne, ta ga nawa suka ba da ruwa. In 20 ne suka ba da shi, labarin gaskiya shi ne "mai yiwuwa ne, amma rashinsa ya fi ƙarfi." Kafin ya iso kunnen kawuna ya zama "za a yi ruwa." Ina ganin a nan muke cutar mutane, ba da niyya ba. Manomi ya fi kowa sanin kasada, kowace shekara da ita yake shuka. Da an ce masa cikin goma huɗu ne, kuma ruwan zai zo tsalli-tsalli, da ya binne rabin irin ya ajiye rabi a rumbu. Gidajen rediyonmu na Damagaram za su iya fara faɗin haka tun daminar bana, in ma'aikatan meteyo suka zauna da masu gabatar da shirye-shirye suka daidaita kalmomin Hausa da za a riƙa amfani da su.