Ƙarafan bola sun zama abin kallo a Samaru

Madalla da wani rahoto da na gani kan ayyukan sassaƙa na ɗaliban digiri na biyu da na uku a sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello. Mu mazauna Samaru muna wuce lambun sassaƙa na sashen, amma da yawanmu da an ce sassaƙa sai mu ce gumaka, mu kau da kai. Ku leƙa ku gani tukuna. Yawancin ayyukan yanzu ba siffar mutum ba ne. Na ga wani da aka haɗa da sarƙar babur, da tsofaffin ƙusoshi, da bakin garma, an yi musu walda har suka tashi kamar guguwa. Wata ɗaliba kuma ledojin fiya wata ta wanke, ta ɗinke, ta rataya su daga silin har ƙasa, sai mutum ya ratsa ta cikinsu. Wallahi duk wanda ya san yadda leda ke toshe mana kwalbati da damina ba ya bukatar a yi masa bayani.

Abin ba baƙo ba ne a Zazzau. A 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a nan, suka dage sai an haɗa fasahar gida da ta Turawa. Tun kafin su ma, shahararren magini Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa.

Roƙona ga masu hannu da shuni: ku sayi ayyukan nan, a kafa wasu a shataletale da harabar makarantu, kada tsatsa ta cinye su bayan yaran sun karɓi takardarsu sun tafi.