Ikkilisiyar da babu kowa a samanta, ina za a kai ƙara?

Wanda ya tashi a ECWA ko COCIN ya zo Amurka ya shiga majami'ar Firesbiteriya zai ga abubuwan da ya saba da su: dattawa a gaba, wa'azi mai tsawo daga Littafi Mai Tsarki, Jibin Ubangiji cikin natsuwa. Bambancin yana wajen mulki, musamman a ikkilisiyoyin da ke tsaye da ƙafarsu. Shahararriya a cikinsu ita ce ta birnin Sabana a jihar Jojiya, wadda 'yan asalin Sikotilan suka kafa a 1755, ba ta kuma ƙarƙashin wata ɗarika.

Koyarwarsu a rubuce take. Suna bin Shaidar Bangaskiya ta Westminista da aka kammala a Landan a 1646, mai babi 33, tare da ƙaramin littafin tambaya da amsa mai tambayoyi 107 da babban mai 196. Abin da baƙo ba ya saurin ganewa shi ne fasto da dattawa da dikinoni ne kaɗai ke rantsuwa a kan waɗannan littattafai. Mai neman zama memba ba a ɗora masa su. Yakan halarci ajin sababbi, sannan ya zauna da dattawa su ji shaidarsa, sannan ya amsa tambayoyi a gaban jama'a. A tsarin da masu riƙe da tsohuwar koyarwa suka fi bi a nan, tambayoyin biyar ne: ya yarda shi mai zunubi ne, ya dogara ga Yesu Almasihu kaɗai, zai yi zaman da ya dace da mai bi, zai tallafa wa sujada da aikin ikkilisiya, zai yi biyayya ga mulkinta da horonta. Wanda ya fito daga wata ikkilisiya yakan kawo takardar sallama. Jarirai kuwa ana yi musu baftisma ta yayyafi, sunansu ya shiga rajista, amma ba sa cin Jibi sai sun girma sun furta bangaskiya da bakinsu. Nan ne ɗan ECWA ke tsayawa, don mu a gida miƙa jariri ake yi, baftisma sai babba, kuma ta nutsarwa.

A ganina sun fi mu a wajen kiran fasto. Jama'a ce ke kafa kwamitin nema, kwamitin ya saurari wa'azin mutum ya bincika halinsa, a sanar da taro tun da wuri, membobi masu cin Jibi su jefa ƙuri'a. Takardar kira tana ɗauke da albashi da gida da hutu, duk a rubuce sarai. A gida sau da yawa majalisar gunduma ce ke tura fasto, ita ke ɗauke shi, jama'a su ji a sanarwa. Wannan 'yanci ba a banza suka same shi ba. A 1843 fastoci sama da 450 suka fice daga Ikkilisiyar Sikotilan ƙarƙashin jagorancin Tomas Calmas, suka bar gidaje da albashi, saboda masu filaye na ɗora wa jama'a faston da ba su zaɓa ba. Dattawa ma zaɓensu ake yi bisa ma'aunin 1 Timoti 3 da Titus 1, kuma a zaman majalisa ƙuri'ar fasto ba ta fi ta dattijo nauyi ba.

Amma fa tsarin Firesbiteriya na asali hawa-hawa ne: majalisar dattawan ikkilisiya, sai majalisar yanki, sai babban taro. Amfanin na sama shi ne duba littafin zaman na ƙasa, jarraba fasto kafin a naɗa shi, da sauraron ƙara. Ikkilisiya mai cin gashin kanta ta yanke wannan tsani daga hawa na farko. Dubi yadda horo ke tafiya: a bi matakan Matiyu 18, a yi gargaɗi, a dakatar daga Jibi, in ta ƙi a fitar. To, idan dattawan da suka yanke hukunci su ne ake ƙara fa? Matar da aka hora bisa kuskure ba ta da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Idan fasto ya daɗe har duk dattawan da ke kujera shi ya koyar da su, majalisa takan zama 'yan amshin shata ba tare da wani ya yi niyyar mugunta ba. Kuɗi ma haka: in ba wani daga waje da ke duba lissafi, ɓarna takan yi shekaru a rufe.

Abin da ke tura da yawa zuwa zaman kansu shi ne gini. Wata babbar ɗarika a nan ta rubuta cewa duk dukiyar ikkilisiya amana ce ta ɗarika, don haka mai ficewa yana iya rasa majami'arsa. Rikicin wata ikkilisiya a Makon, a Jojiya, sai da ya kai Kotun Ƙolin Amurka a 1979. Tsoron yana da dalili, sai dai ɗarikar Firesbiteriya ta PCA da aka kafa a Amurka a 1973 ta nuna ana iya barin gini a hannun jama'a, a kuma riƙe kotun ɗaukaka ƙara.

Don haka masu buɗe ikkilisiya tasu ta kansu, a Jos ne ko a nan cikin 'yan uwa baƙi, su rubuta tun ranar farko: wa'adin dattawa, sa hannun mutum biyu a kan kowane kuɗi da zai fita, mai binciken lissafi daga waje kowace shekara, da sunayen ikkilisiyoyin maƙwabta da za su zauna su saurari ƙara, hukuncinsu kuma ya ɗaure kowa har da fasto.