Yadda na kwashi mutanen ƙauyenmu zuwa Ringim a kan tsohon labari

Tun ranar da na gyara wa Maigari wayarsa mutanen ƙauyenmu suka laƙaba mini sunan Injiniya, alhali kuwa ni malamin firamare ne, kuma gyaran bai wuce kashe alamar jirgin sama da jikansa ya danna ba. Ban musa ba, domin girma idan ya zo ba a korarsa da sanda. Sai dai sunan ya zo da kayansa, domin duk yammaci idan aka hallara a gindin darbejiya, ni ake tambaya ko gaskiya ne 5G tana kashe tsuntsaye, da kuma wace waya ce take riƙe caji kwana uku.

Don kada asirina ya tonu, sai na ƙudura neman shafin intanet da zan riƙa ɗebo labaran fasaha daga gare shi. A garinmu kuwa sabis ba ya shiga ɗaki, sai mutum ya hau tudun da ke bayan makaranta ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. A can na yi sati guda ina bincike. Shafin farko ya taya ni murnar cin sabuwar iPhone tun kafin mu gaisa, ya kuma nemi lambar katina na banki. Na biyu da Hausa aka rubuta shi, amma irin Hausar da na'ura ta fassara, har ya shawarce ni da in adana hotunana a cikin gajimare. Na daɗe ina tunanin makomar hotunan idan rani ya shigo, mu da daminarmu da ƙyar take cika wata huɗu.

A rana ta takwas na faɗa kan wani shafi mai tsabta, wanda ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta ba da wa'adin mako biyu, kuma duk layin da ba a haɗa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ba, za a rufe shi. Ban tsaya karanta sauran ba, na gangaro daga tudun har takalmina ɗaya ya tsinke, na zarce ƙofar Maigari na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, akwai magana." Kafin sallar isha'i an yi shela, washegari da sassafe muka cika mota guda da babura huɗu muka nufi Ringim, har da wata tsohuwa da ba ta da waya, wadda ta ce ba za a rufe wa kowa komai ba tana zaune a gida.

Yaron da muka samu a shagon rajistar layi ya duba wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ce duk an riga an haɗa su, in ba haka ba da tuni sun daina kira. Na ɗaga murya na nuna masa shafin. Ya karɓa cikin ladabi, ya sa yatsa a kan wasu ƙananan baƙaƙe da ke ƙarƙashin kanun, ya ce, "Malam, wannan labarin na watan Disamban 2020 ne." Labarin gaskiya ne, ba ƙarya a cikinsa ko ɗaya, shekaru huɗu kawai ya yi a kwance yana jiran wawan da zai ɗauke shi. A hanyar dawowa ba wanda ya yi mini magana sai direba, shi ma a kan kuɗin mai.

Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse ne ya tausaya mini da ya zo hutu, bayan ya gama dariyarsa. Ya ce, "Kawu, kafin kanu, kwanan wata ake fara dubawa, sannan sunan wanda ya rubuta." Ya nuna mini cewa idan da Hausa nake so, in duba BBC Hausa da Aminiya, ko da yake ba kullum suke kawo labarin fasaha ba. Idan labarin kamfanonin fasaha na Najeriya ne, akwai TechCabal da Techpoint Africa, idan kuma girman batirin waya ake gardama a kai, GSMArena ta jera komai dalla-dalla. Game da sanarwar hukuma, ya ce in je shafin hukumar da kanta, wanda adireshinsa ke ƙarewa da gov.ng, kuma kada in gangaro daga tudu sai na ga labari a wuri biyu.

Na riƙe wannan karatu da kyau. A watan Janairun 2025 na ga labarin cewa NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Na duba kwanan wata har sau uku, na tabbatar a wuri uku, sannan na saɓa babbar riga na tafi majalisa da natsuwa na sanar. Liman ya gyara zama ya ce, "Injiniya, wannan kuma na wace shekara ce?" Aka tuntsire da dariya, ba wanda ya yarda. Da ƙarin ya fara aiki, katin Maigari ya ƙare yana tsakiyar magana da surukinsa, sai ga ɗan aike a ƙofar gidana, wai in zo in yi bayanin dalilin da ya sa na san da zancen amma ban nace ba.