Kaka da Matakan Piyaje

Jika ya dawo hutu daga kwalejin horar da malamai, ya tarar da kakarsa a tsakar gida tana ɗura man gyaɗa a kwalabe.

JIKA: Kaka, a zangon nan an karantar da mu yadda hankalin ɗan Adam yake girma mataki-mataki, bisa binciken wani masani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Jan Piyaje, wanda ya rasu a 1980 bayan ya daɗe yana nazarin yara, har da 'ya'yansa uku.

KAKA: Uku kacal, maigida? Ni da na raini goma sha ɗaya, ban da ku jikoki, babu wanda ya taɓa sa sunana a littafi.

JIKA: Ya ce matakan huɗu ne. A na farko, daga haihuwa zuwa shekara 2, jariri da hannu da baki yake sanin duniya, kuma a watannin farko idan aka rufe abin wasansa da zane, sai ya ɗauka abin ya ɓace ke nan.

KAKA: Ashe kakanka bai bar wannan mataki ba, domin da zarar mai bin sa bashi ya sha kwana, a wurinsa bashin ma ya bar duniya.

JIKA: Daga shekara 2 zuwa 7 kuwa, idan aka juye ruwa daga kofi mai faɗi zuwa dogo siriri a gaban idon yaro, zai rantse cewa ruwan ya ƙaru. Sai ya haura bakwai yake gane cewa ba a ƙara ko ɗigo ba.

KAKA: Wa ya gaya wa Baturen nan cewa a bakwai ake warkewa? Dubi kwalaben nan biyu, ludayi ɗaya nake auna musu, kuɗinsu ɗaya, amma kullum doguwar ce take fara ƙarewa, kuma masu wawasonta magidanta ne masu furfura, har da shugaban makarantar firamaren unguwar nan.

JIKA: To, bari in koma ga Erik Erikson, haifaffen Jamus da ya zauna a Amurka, wanda a 1950 ya kasa rayuwa gida takwas. Ke kina na ƙarshe, wanda yake farawa wajen shekara 65, inda mutum yake waiwayar rayuwarsa, ko dai ya gamsu da ita ko nadama ta lulluɓe shi.

KAKA: Waiwaye sai wanda ya gama zubin adashi. Kai mai shekara 26, a wane gida ya ajiye ka?

JIKA: A na shida, inda matashi yake samun abokin zama, in ba haka ba ya faɗa cikin kaɗaici.

KAKA: Madalla. Ina amaryar, ko har yanzu ni kaɗai ce?

JIKA: Ranki ya daɗe, Erikson bai sa kuɗin lefe a lissafinsa ba.

KAKA: Ni kuwa a nawa lissafin, wanda har yau mahaifiyarsa take ba shi kuɗin mota, kuma duk abin da hannunsa ya kai sai ya wuce baki, matakin farko ya dace a mayar da shi. Ajiye ƙuli-ƙulin nan, na sayarwa ne.