Su Waɗanda Aka Yi Wa Allurar Fanko Fa, Nawa Suka Rage?

Assalamu alaikum ƙannena na Zazzau, ku da ke karatu a Samaru da Kongo, da ku 'yan matan da aka sa wa rana kuna ta lissafin ɗinkin biki. Allurar rage ƙiba ta riga ta cika muku waya, kuma yadda ake yi muku tallarta ne ya hana ni yin shiru. Za ku ga an rubuta "bincike ya tabbatar tana rage kashi 15 cikin 100 na nauyin jiki", ga hoton wata da teɓa, ga hotonta ta zabge, ga lambar waya a ƙasa. Adadin gaskiya ne, amma an gutsure shi. Duk gwajin magani na ƙwarai rukuni biyu ake yi, mai talla kuwa labarin rukuni ɗaya kawai yake kawo muku.

Wannan kashi 15 ɗin ya fito ne daga wani gwaji mai suna STEP 1, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2021. An tara manya 1,961 masu ƙiba waɗanda ba su da ciwon suga, aka raba su da ƙuri'a. Kashi biyu cikin uku ana yi musu allurar semaglutide sau ɗaya a mako, sinadarin da ke cikin Ozempic da Wegovy ke nan. Sauran kuma ana yi musu allurar fanko, wadda likitoci ke kira filasibo: kamanninta ɗaya da ta gaske, amma babu magani a cikinta. Wanda ake yi wa bai san wace ce tasa ba, likitan da ke ɗora shi a sikeli ma bai sani ba. Kuma dukkansu, da na magani da na fanko, an sa su rage kalori 500 a abincin yini, su motsa jiki minti 150 a mako, ana zama da su duk bayan mako huɗu ana ƙarfafa musu gwiwa. Bayan mako 68, masu magani sun rage kashi 14.9 na nauyinsu. Masu fanko sun rage kashi 2.4.

Ɗan Samaru bai kamata wannan ya ba shi wahala ba. Idan malaman cibiyar binciken noma ta IAR za su gwada taki, ba sa barbaɗa wa gonar duka sannan su ce ga yabanya ta yi kyau. Suna barin wani ɓangare babu taki, ruwan sama ɗaya, noma ɗaya, iri ɗaya, sai a kaka a auna buhunan kowane. Tazarar da ke tsakani ita ce aikin takin. A nan ma haka ne: aikin allurar ita kaɗai kashi 12 da ɗan ɗori ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba zan rage mata daraja ba, domin magungunan da suka gabace ta ba su kai haka ba. Amma ku riƙa faɗin adadin da ya dace.

Wanda ya fi burge ni shi ne gwaji na uku a jerin, STEP 3. A can an matsa wa kowa lamba sosai: mako takwas na farko kan abinci ƙayyadadde, sannan zama talatin da masana abinci. Masu magani suka rage kashi 16. Masu fanko fa? Kashi 5.7. Alƙalamin allurarsu babu magani ko ɗigo, amma sun ninka abin da 'yan uwansu na gwajin farko suka rage, saboda kawai an tsaya a kansu. Mutum idan ya san ranar Talata za a ɗora shi a sikeli a gaban mutane, hannunsa yakan yi sanyi a kwanon tuwon dare.

To ku ɗauki wannan ku auna shaidar da ake turo muku. Wata ta sayi shayin rage tumbi a kasuwar Sabon Gari, ta ce wallahi a wata ɗaya zanenta ya fara kwancewa. Ban ƙaryata ta ba. Amma ranar da ta ba da kuɗinta, ranar ta daina shan lemon kwalba, ta rage fanke da cincin, ta fara sauka daga keke napep tun kafin layinsu tana ƙarasawa da ƙafa. Wasu shayin kuma filasko ne a ciki, gudawa yake sa ta, ruwan jikinta ke tafiya kitsen yana nan. Wa ya ajiye mata wata mai irin jikinta da ta yi duk waɗannan ba tare da shayin ba, don a gwada? Babu. Ku ƙara da wannan: a STEP 1, kusan mutum ɗaya cikin uku na masu fanko ya rage aƙalla kashi 5 na nauyinsa, kuma kusan 5 cikin 100 sun zubar da kashi 15 ko fiye. Da mai talla zai ɗauki hotunan waɗannan, da ya sayar muku da ruwa zalla a farashin zinare, kuma babu hoto ɗaya na ƙarya a ciki. A ɗaya gefen, kusan 14 cikin 100 na masu maganin gasken ba su kai ga rage kashi 5 ba. Su ba a ɗaukar hotonsu.

Illa ma da rukunin fanko ake gane ta. Kashi 44 na masu magani sun yi fama da tashin zuciya, masu fanko kuma kashi 17. Saboda haka ba kowane ciwon ciki ne laifin allura ba, amma duk wanda ya ce muku ba ta da wata illa bai ji tsoron Allah ba.

Yanzu tambayar da ta fi tsaya min a rai: su wane ne aka yi gwajin a kansu? Matsakaicin nauyinsu kilo 105 ne. Kusan uku cikin huɗu fararen fata ne, baƙar fata ba su wuce 6 cikin 100 ba. Masu ciwon suga an yi musu nasu gwajin daban, kuma su kashi 9.6 suka rage, masu fankonsu 3.4. Masu ciki da masu shayarwa ba a saka su ba sam. Kwanaki wata yarinya ta tsaya a gaban kantar kemis ɗin da nake aiki, lalle bai gama goge mata a hannu ba daga bikin ƙawarta, ta miƙo min waya ta ce, "Anti, wannan nake so, bikina saura wata biyu." Na ɗora ta a sikeli, kilo 64, ga ta doguwa. Na ce, "Ƙanwata, mutanen da ke cikin takardar nan sun girme ki da kilo arba'in, kuma sun fi shekara suna yi." Ba ta san ana farawa ne da ɗan kaɗan a riƙa ƙarawa har tsawon mako 16 kafin a kai cikakken awo ba. Ba ta san kamfanin da kansa ya rubuta a daina allurar aƙalla wata biyu kafin a nemi ciki ba. Mai sayarwar ba ta gaya mata ko ɗaya ba, kuma amarya ce za ta shiga ɗaki.

Ku kuma maza masu cewa don zuciya za ku yi, ku karanta da kyau. Gwajin SELECT na 2023, wanda aka yi wa wannan allurar da mutum 17,604, ya nuna an rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu da kashi 20. Ma'anarsa, cikin masu fanko mutum 8 a kowane 100 abin ya same su, cikin masu magani 6.5. Alheri ne babba ga waɗanda aka gwada, mutane 'yan shekara 45 zuwa sama da suka riga suka kamu da ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini. Bai ce komai a kan saurayi ɗan shekara 24 da tumbi ya ɗan fara leƙowa ta kaftani ba.

Kada ku raina rukunin fanko, rayuka yake tsarewa. Akwai ƙwayar rage ƙiba mai suna sibutramine da aka yi shekaru ana sha a duniya, sai da aka gwada ta da fanko a kan mutum kusan 10,000 aka ga masu shanta sun fi samun bugun zuciya da shanyewar jiki, aka janye ta a Turai da Amurka a 2010. Har bayan nan hukumomi sun sha kama ta ɓoye a cikin shayi da ƙwayoyin da aka rubuta wa "na ganye zalla". Allurar ma an yi jabunta: Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a watan Yunin 2024, kuma an taɓa samun alƙalamin da insulin, maganin masu ciwon suga, aka ɗura a ciki, wanda zai iya sumar da mai lafiya. Ta gasken firji take buƙata kafin a fara amfani da ita. Ku tuna da zafin Zariya a watan Afrilu, sannan ku dubi wadda ake fiddo muku daga jakar hannu.

Wanda ƙiba ta dame shi da gaske, gwiwa na ciwo, jini ya hau, suga na barazana, kada kunya ta hana shi zuwa Shika ko wani asibitin ya ga likita, domin ƙiba cuta ce da ake yi wa magani. Amma ya tafi da sanin abin da ya faru bayan STEP 1: an bi mutum 327 shekara guda bayan an tsayar da allura da zaman shawarar, sai aka tarar masu maganin sun mayar da kashi biyu cikin uku na abin da suka rage. Don haka kafin allurar farko, ya zauna da likitan su yi maganar tsawon lokacin da zai ɗauka yana yi, da kuma inda kuɗin kowane wata zai fito.